HIPATIYA, MALAMAR ISKANDARIYA, TSAKANIN TARIHI DA HANNUN MASU ZANE

An haifi Hipatiya a birnin Iskandariya na ƙasar Masar, bakin tekun Bahar Rum, tsakanin shekara ta 350 da ta 370 bayan haihuwar Annabi Isa. A wancan zamani Masar tana ƙarƙashin mulkin Rumawa, amma harshen ilmi a birnin Girkanci ne. Mahaifinta Tiyon masanin lissafi ne da ilmin taurari. Shi ne ya gyara littafin Uklidis na awon siffofi, kuma gyaran nasa aka yi ta karantawa fiye da shekara dubu.

A gaban mahaifinta ta yi karatu, har ta kai ga taya shi aiki. Tiyon da kansa ya rubuta cewa ƴarsa ta duba kashi na uku na aikinsa bisa babban littafin taurari na Batalimusa, wanda Larabawa suka fassara daga baya da sunan Almajisti. Marubutan da suka biyo baya sun ambaci sharhin da ta yi wa littafin lissafi na Diyofantus da na Afoloniyus, sai dai ko ɗaya bai iso wannan zamani da sunanta ba.

Abin da ya ɗaukaka ta shi ne koyarwa. Ita ba Kirista ba ce, tana bin falsafar Aflatun, amma ba ta rufe wa kowa ƙofa ba. Ɗalibanta sun haɗa da Kiristoci da masu bin addinin gargajiya na Girkawa. Mafi shahara cikinsu shi ne Sinesiyus, mutumin Kirene a ƙasar Libiya ta yau, wanda ya zama babban limamin Kirista a Tolemayis wajen shekara ta 410. Bai daina rubuta mata wasiƙu na girmamawa ba har ƙarshen ransa. A cikin ɗaya ya roƙe ta ta sa a ƙera masa ma'aunin nauyin ruwa, ya kuma bayyana siffarsa dalla-dalla. Hukumomin birnin su ma suna zuwa gidanta neman shawara.

Wannan martaba ce ta jefa ta cikin hatsari. A shekara ta 412 Kirilus ya gaji kawunsa Tiyofilus a matsayin babban limamin Iskandariya. Nan da nan jayayya ta tashi tsakaninsa da Orastas, gwamnan da sarkin Rum ya naɗa, bisa wanda zai riƙe ikon birnin. Dukansu biyu Kiristoci ne. Rikicin ya tsananta bayan korar Yahudawa daga birnin, har wani mai zaman zuhudu, Ammoniyus, ya jefi gwamna da dutse ya fasa masa kai. Gwamna ya sa aka azabtar da shi har ya mutu. Da yake Orastas yana yawan ganawa da Hipatiya, sai jita-jita ta bazu cewa ita ce ke hana sulhu.

A watan Maris na shekara ta 415, cikin azumin Kiristoci, wasu mutane ƙarƙashin jagorancin Bitrus, mai karatu a majami'a, suka tare ta a hanyar gida. Suka fisge ta daga keken doki, suka ja ta zuwa majami'ar Kaisariyon, suka kashe ta da fasassun tukwanen rufi, sa'an nan suka ƙone gawar. Sukuratus, marubucin tarihin majami'a wanda ya rayu a zamanin, Kirista ne, amma ya la'anci wannan aiki, ya nuna cewa hassadar siyasa ce ta jawo shi, kuma ya zubar da mutuncin Kirilus da majami'arsa.

Babu hotonta da aka yi tana raye wanda ya rage, saboda haka kowane zamani ya zana ta yadda yake so. A 1853 Charles Kingsley, malamin majami'ar Ingila, ya rubuta littafin ƙirƙira da sunanta. Daga nan ne Charles William Mitchell ya ɗauki zanensa na 1885, wanda ya nuna budurwa kyakkyawa a gaban bagade, alhali a ranar mutuwarta ta kai aƙalla kimanin shekara 45, wataƙila ma ta kai 60. A 2009 Alejandro Amenábar na ƙasar Sifen ya fitar da fim mai suna Agora, inda aka nuna ta tana gano cewa hanyar da duniya ke bi wajen zagaya rana doguwar da'ira ce mai siffar ƙwai. Wannan ƙari ne na masu fim. Kepler ne ya bayyana haka a 1609.

Masu zane sun mai da mutuwarta alamar yaƙin addini da ilmi. Tarihi kuwa ya nuna cewa karatu bai mutu da ita ba: a ƙarni na 6 Yohanna Filofonus, wanda Kirista ne, yana sharhin littattafan Aristo a Iskandariya. Abin da ya halaka Hipatiya shi ne gasar shugabanni biyu, da maganar da aka yaɗa a gari ba wanda ya tsaya ya bincika.