Ibrahim Dabo: Sarkin da Ya San Inda Zai Sassauta

Lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya naɗa Malam Ibrahim Dabo sarautar Kano a 1819, bayan rasuwar Sarki Sulaimanu, ƙasar a dagule take. Shi Basulluɓe ne, ƙanen Malam Jamo, alhali sauran gidajen Fulanin da suka yi jihadi kowa na ganin shi ma ya isa. Garuruwa suka yi tawaye, Ɗantunku ya ja daga a Dambatta.

Dabo ya ɗaura yaƙi, amma bai dogara da takobi kaɗai ba. Ya nemi izinin Sakkwato ya farfaɗo da sarautun Haɓe, ya tabbatar wa manyan gidaje matsayinsu: Madaki ga Yolawa, Makama ga Jobawa, Sarkin Bai ga Dambazawa. Da Bello ya yi sulhu, ya ware Kazaure ta zama masarauta a ƙarƙashin Sakkwato, sai Dabo ya haƙura da wannan yanki, ya riƙe sauran ƙasar.

Ya rasu a 1846, kuma zuriyarsa ke sarautar Kano har yau. Shugabannin ma'aikatunmu, masu ɗaukar kowace jayayya a matsayin raini, su dubi tarihinsa da kyau. Allah Ya jiƙan sa.