Shehu Ahmadu Bamba da hoton da ya zagaye duniya

A shagunan Dakar da cikin motocin haya, har zuwa ɗakunan ƴan Senegal mazauna Faransa da Italiya da Amurka, akwai hoto guda da ido ba ya rasa gani a rataye cikin gilashi: mutum a tsaye cikin farar riga, hannayensa sun ɓuya a cikin hannun rigar, mayafi ya rufe masa kai da baki. Mai hoton shi ne Shehu Ahmadu Bamba, wanda ya kafa ɗariƙar Muridiyya.

An haife shi wajen shekarar 1853 a Mbake ta ƙasar Bawol. Mahaifinsa, Momar Anta Sali, alƙali ne a fadar Lat Jor, sarkin Kajor, don haka Bamba ya tashi yana kallon yadda fada ke ɗaure malami. Da mahaifin ya rasu aka nemi ya gaji matsayinsa, sai ya ƙi, ya zaɓi karantarwa. Zamanin kuwa na rushewa ne: sojojin Faransa sun kashe Lat Jor a 1886, masarautun Wolof suka watse, aka bar manoma da ƴantattun bayi da tsofaffin mayaƙa ba jagora. Waɗannan ne suka yi ta tururuwa zuwa gare shi. Ya haɗa musu karatu da tarbiyya da aikin hannu, ya ɗauki neman halal da gumi a matsayin ibada, bai kuma auna darajar almajiri da asalinsa ba. Ya kafa garin Tuba wajen 1887.

Yawan mabiyan ya tsorata Turawan mulki, duk da cewa bai taɓa ɗaukar makami ba. A watan Satumba na 1895 aka gurfanar da shi a Saint-Louis, aka kore shi zuwa Gabon, inda ya zauna har 1902. Daga 1903 zuwa 1907 aka sake tura shi Muritaniya, sannan aka yi masa ɗaurin talala, da farko a ƙasar Jolof, daga 1912 kuma a Jurbel. A nan ya rasu ranar 19 ga Yuli 1927, aka binne shi a Tuba. Kowane 18 ga Safar mabiyansa kan taru a garin domin Magal, bikin tunawa da tafiyarsa ta farko.

A Jurbel aka ɗauki hoton, a 1913, lokacin yana ƙarƙashin sa ido. Paul Marty, jami'in Faransa mai bin diddigin malaman Musulunci, ya buga shi a littafinsa kan Musulunci a Senegal a 1917. Manufar irin wannan hoto ita ce hukuma ta shaida fuskar wanda take tsaro, amma rana ta yi ƙarfi a ranar: inuwa ta cinye idanun, ƙafa ɗaya ta ɓace cikin duhu, mayafi ya ɓoye sauran. Abin da hoton ya ɓoye shi ne ya ƙara masa kwarjini a wurin Muridawa, waɗanda suke karanta inuwar da farin rigar a matsayin alamun waliyi. Fiye da ƙarni guda shi kaɗai aka sani, har sai da wasu hotuna na 1918 suka bayyana, Muridawa suka saye su a gwanjo a birnin Liyon a 2023. Duk da haka na 1913 ne ya ci gaba da zama tushen abin da ake bugawa a takarda, da zanen bango, da zanen bayan gilashi da ake kira suwer, kalmar da Wolof ta aro daga Faransanci.

Ga ɗalibin harshe, gadon Bamba mafi nauyi yana cikin rubutu. Da Larabci ya wallafa ƙasidunsa da littattafansa, ciki har da Masalikul Jinan, inda ya gargaɗi mai karatu kada baƙar fatar marubucin ta sa ya raina littafin. Kalmar ƙasida ta shiga Wolof kamar yadda ta shiga Hausa. Tun da yawancin mabiyan ba su jin Larabci, almajiransa irin su Musa Ka suka mai da koyarwar cikin waƙoƙin Wolof da haruffan Larabci, rubutun da ake kira Wolofal, ɗan'uwan ajamin Hausa. Ta wannan hanya manomin gyaɗa da ya rataya hoton a ɗakinsa ya san tarihin mai hoton, daga Mbake har Gabon, cikin harshen da ya tashi da shi.