Marigayi Dokta Mamman Shata Katsina

An haifi Alhaji Mamman Shata a Musawa, ƙasar Katsina. Da tallar goro ya fara, yana 'yan waƙe-waƙe ba da son mahaifinsa ba, har waƙa ta rinjayi goro. Mu da muka sha haddar baitoci saboda jarrabawa, har yau ina mamakin yadda ba ya zaman tsara waƙa. Abin da ya gani ko ya ji, nan take 'yan kalangu su ɗauka. Da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a 1969, sai ga waƙar Kumbo Apollo 11. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a Kano a 1999, aka yi masa sutura a Daura. Allah Ya jiƙansa.