Muhammadu Korau

Muhammadu Korau sarkin Katsina ne na ƙarni na 15, kuma shi ake ɗauka a matsayin Musulmi na farko da ya hau gadon sarautar Katsina. Mafi yawan masana tarihi na yanzu suna sanya mulkinsa tsakanin wajajen 1445 zuwa 1495, ko da yake wasu tsofaffin jerin sunayen sarakuna sun kai shi ƙarni na 14. Ya yi zamani da Muhammadu Rumfa na Kano.

Asali da hawa sarauta

Tarihin baka ya ce Korau ya fito ne daga 'Yandoto, tsohon garin malamai da fatake da ke jihar Zamfara a yau. Kafin zuwansa, Durɓawa ne ke mulki, cibiyarsu kuwa Durɓi ta Kusheyi ce, a yankin Mani. Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne Korau ya kayar da Sanau, sarkin Durɓawa na ƙarshe, a kokawa, bayan matar Sanau ta taimaka an raba shi da layar da yake dogaro da ita. Ya yanka shi, ya karɓi sarauta. Takobin nan Gajere, wanda har yanzu yake cikin kayan sarautar Katsina, da wannan labari ake danganta shi.

Sunan ma abin lura ne. Sarakunan da suka gabace shi, irin su Kumayau da Sanau, babu mai sunan Larabci. Shi ne ya fara haɗa Muhammadu da suna irin na gargajiya.

Mulkinsa

A zamaninsa birnin Katsina ya zama mazaunin sarki, fatake Wangarawa da malamai suka yawaita. Ana danganta ginin masallacin Gobarau da lokacinsa, kuma a ƙarshen ƙarnin ne Shehu Al-Maghili ya zo ƙasar Hausa, ya ziyarci Katsina da Kano.

Sai dai Musulunci bai rushe tsohon tsari dare ɗaya ba. Durɓawa sun rasa gadon mulki amma ba a kawar da su ba, sarautar Durɓi ta ci gaba, har yau tana cikin manyan sarautun Katsina. Al'adun iskoki ma sun daɗe a gefen fada. Irin wannan ya faru a Malaka, a ƙasar Malesiya ta yau, cikin ƙarni ɗaya da Korau, inda sarakuna suka musulunta amma fada ta riƙe al'adu da dama da ta gada daga addinan Hindu da Buddha.

Bayan rasuwarsa

Ibrahim Sura ne ya gaje shi, wanda malamin Masar Al-Suyuɗi ya rubuta wa wasiƙar nasiha. Gidan sarautar da Korau ya kafa ya riƙe Katsina har jihadi ya kawar da shi wajajen 1807, zuriyar suka koma Maraɗi. Fadar Katsina har yanzu Gidan Korau ake ce mata, sarki kuma Magajin Korau.