Walt Disney da Ƙaramin Jirginsa na Ƙasa

A ƙasar Amurka an yi wani mutum ana kiransa Walt Disney. An haife shi a birnin Shikago a shekarar 1901. Sunansa ya kewaye duniya saboda hotunan silima da yake shiryawa da zane, musamman na wani ɓera mai suna Mickey Mouse, wanda ya fito a 1928. Amma ban da zane, akwai wani abu da ya shiga ransa tun yana ƙarami, shi ne jirgin ƙasa.

Yana ɗan shekara 4 iyayensa suka koma wata gona kusa da garin Marceline. Dogo ya ratsa ta garin, wani ɗan'uwan iyayensa kuma direban jirgi ne. Da ya kai shekara 15 sai ya sami aikin tallar jaridu da alewa a cikin taragu. Ko da ya girma ya yi dukiya, bai manta da ƙarar usur da ƙamshin hayaƙin kwal ba.

A 1948 ya je kallon wani babban nunin jiragen ƙasa a Shikago. Da ya komo gida sai ya ƙudura a ransa zai mallaki nasa jirgin, ƙarami, amma mai tafiya da wuta da ruwa kamar na gaske. A ma'aikatarsa akwai wani gwanin maƙeri, sunansa Roger Broggie. Shi ne ya shugabanci ƙirar kan jirgin. Disney kuwa, duk da shi ne maigidan wurin, sai ya zama almajiri. Ya riƙa zuwa maƙera, yaronsa yana koya masa yadda ake sarrafa ƙarfe. Taragon katako na can baya ma da hannunsa ya haɗa shi.

An kwaikwayi wani tsohon kan jirgi ne, aka rage kowane sashe nasa ya zama kashi 1 cikin 8. Disney ya sa masa suna Lilly Belle, don girmama matarsa Lillian. A bayan gidansa na birnin Los Anjalis aka shimfiɗa dogo mai tsawon ƙafa 2,615, wato kusan rabin mil. Faɗin tsakanin ƙarafan dogon inci 7 da kwata ne kawai. Matarsa ba ta yarda a ɓata mata lambun furanni ba, saboda haka aka haƙa rami mai tsawon ƙafa 90 a ƙarƙashin lambun, jirgi ya riƙa bi ta ciki. A 1950 aka fara tafiya.

Tuƙa irin wannan jirgi sai mai haƙuri. Da fari a cika tukunya da ruwa, a hura wuta, a zuba kwal da aka farfasa ƙanana. Sai a jira ruwa ya tafasa, tururi ya taru. Ƙarfin tururin nan ne ke tura sandunan da ke juya ƙafafun jirgi. Dole direba ya sa ido a kan wuta da ruwa, gama in ruwa ya yi ƙasa tukunya na iya lalacewa. Disney yakan sa hular direbobi, ya zauna a bayan kan jirgi, baƙi manya da yara su hau bisa taragu, ya yi ta zagawa da su. Wani lokaci har yakan bar baƙo ya tuƙa.

Ana nan, ran nan a 1953, wani baƙo ya sha kwana da gudun da ya wuce kima. Kan jirgi ya goce daga dogo ya kife, usur ya karye, tururi mai zafi ya feso. Wata yarinya 'yar shekara 5 ta sheƙo don ta ga abin da ya faru, tururin ya ƙona ta. Abin ya tayar wa Disney da hankali ƙwarai. Ya ga cewa ƙanƙantar jirgi ba ta rage zafin tururinsa. Ko da yake yana son jirgin nan matuƙa, sai ya rufe hanyar, aka ajiye Lilly Belle.

Amma bai rabu da jirgi ba. A 1955 ya buɗe wani babban filin wasa mai suna Disneyland a Kalifoniya, ya kewaye shi da dogo. A can jiragen sun fi girma, ƙwararrun direbobi ne kuma ke tuƙa su. Disney ya rasu a 1966.

Abu biyu ya kamata yara su riƙe daga labarin mutumin nan. Girma bai hana shi koyo wurin na ƙasa da shi ba. Kuma da ya ga abin da yake so zai cuci wani, sai ya haƙura da shi.