Hugo Grotius

Hugo Grotius (10 ga Afrilu, 1583 zuwa 28 ga Agusta, 1645), wanda mutanen ƙasarsu ke kira Hugo de Groot, masanin shari'a ne, ɗan siyasa, jakada kuma marubuci ɗan ƙasar Holan. An fi saninsa da littattafai biyu da ya rubuta da harshen Latin: Mare Liberum (1609) a kan 'yancin zirga-zirga da fatauci a teku, da De Jure Belli ac Pacis (1625) a kan dokokin yaƙi da zaman lafiya. Ana lissafa shi cikin waɗanda suka aza harsashin dokar ƙasa da ƙasa a Turai.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Grotius a garin Delft lokacin da Holan ke yaƙin ƙwatar kanta daga mulkin Sifaniya, yaƙin da ya faro a 1568 bai ƙare ba sai 1648. Mahaifinsa Jan de Groot mutum ne mai ilimi, ya taɓa riƙe muƙamin magajin garin Delft. Grotius ya shiga Jami'ar Leiden a 1594 yana ɗan shekara 11, inda ya yi karatu a gaban manyan malamai irin su Joseph Justus Scaliger.

A 1598 ya bi tawagar Johan van Oldenbarnevelt, babban jagoran siyasar Holan, zuwa fadar Sarki Henry na Huɗu na Faransa. A wannan tafiya ce Jami'ar Orléans ta ba shi digirin digirgir a fannin shari'a. Ya fara aikin lauya a birnin Hague a 1599. A 1608 ya auri Maria van Reigersberch, 'yar wani babban gida a lardin Zeeland.

Rikicin jirgin Santa Catarina

A watan Fabrairun 1603 wani kyaftin ɗin Holan, Jacob van Heemskerck, ya kama jirgin fataucin Fotugal mai suna Santa Catarina kusa da Singafo. Jirgin na ɗauke da siliki da tangaran na ƙasar Sin, kuma da aka yi gwanjon kayan a Amsterdam an samu fiye da gilda miliyan 3. Ribar ta shiga hannun kamfanin fataucin Holan na Gabashin Indiya, wanda aka kafa a 1602, amma wasu masu hannun jari suka ce kamun fashi ne, addininsu bai yarda su ci kuɗin ba.

Kamfanin ya nemi Grotius ya kare lamarin a rubuce. Tsakanin 1604 da 1605 ya rubuta dogon littafin da daga baya aka sani da De Jure Praedae, wato hukuncin ganima. Hujjarsa ita ce mutanen Fotugal sun hana wasu fatauci da ƙarfin makami, kuma inda babu alƙalin da za a kai wa ƙara, wanda aka zalunta yana da ikon karɓar haƙƙinsa da hannunsa, ko da kamfani ne ba gwamnati ba. Ba a buga littafin a zamaninsa ba. An gano rubutun a 1864, aka buga shi a 1868.

'Yancin teku

Babi na 12 kaɗai na wancan littafi aka fitar a 1609 da sunan Mare Liberum, ba tare da sunan marubuci ba, daidai lokacin da Holan da Sifaniya ke tattauna tsagaita wuta. Tun yarjejeniyar Tordesillas ta 1494 Sifaniya da Fotugal suke ɗaukar manyan tekuna a matsayin rabonsu. Grotius ya ce mallaka tana samuwa ne ta hanyar kama wuri da killace shi, teku kuwa ba ya killatuwa, kuma amfanin wani da shi ba ya rage na wani. Saboda haka teku na kowa ne kamar iska, kuma kowace al'umma tana da haƙƙin zuwa wurin wata don ciniki. Ya ƙara da cewa Fafaroma ba shi da ikon raba abin da ba nasa ba.

Littafin ya jawo raddi. Serafim de Freitas na Fotugal ya mayar da martani a 1625, John Selden na Ingila kuma ya fitar da Mare Clausum a 1635, yana kare ikon sarkin Ingila a kan ruwan da ke kewaye da ƙasarsa. Shi kansa Grotius, da aka tura shi Landan a 1613 don tattauna cinikin kayan yaji, ya kare yarjejeniyoyin da suka ba kamfanin Holan kaɗai damar sayen kayan a wasu tsibiran Indonesiya ta yau, abin da ya sa Turawan Ingila suka juya masa hujjojin 'yancin ciniki.

Siyasa, kurkuku da tserewa

An naɗa Grotius babban lauyan gwamnatin lardin Holan a 1607, sannan babban jami'in shari'a kuma wakilin birnin Rotterdam a 1613. A lokacin cocin ƙasar ya rabu biyu a kan mas'alar ƙaddara, tsakanin mabiya Jacobus Arminius da masu tsananin bin koyarwar Calvin. Grotius da Oldenbarnevelt sun goyi bayan a yi haƙuri da juna, kuma suna ganin hukumar kowane lardi ce ke da ikon tsara al'amuran coci. Yarima Maurice na Nassau, shugaban sojoji, ya bi ɗaya ɓangaren.

An kama su a watan Agustan 1618. An fille kan Oldenbarnevelt a watan Mayun 1619, Grotius kuma aka yanke masa ɗaurin rai da rai a gidan yarin Loevestein, aka ƙwace dukiyarsa. An bar shi yana karɓar littattafai a cikin babban akwati. Ranar 22 ga Maris, 1621, matarsa Maria da mai yi musu aiki Elsje van Houweningen suka fitar da shi a cikin wannan akwati zuwa garin Gorinchem. Daga can ya ɓad da kama ya wuce Antwerp, sannan Faris.

Dokokin yaƙi da zaman lafiya

A Faransa ya rubuta De Jure Belli ac Pacis, ya sadaukar da shi ga Sarki Louis na Goma Sha Uku. An buga shi a 1625, Yaƙin Shekara Talatin yana cin ƙasashen Jamus. Littafin kashi uku ne. Na farko ya yi bayanin ma'anar yaƙi da haƙƙi da ikon mulki. Na biyu ya kawo dalilan da ke halatta yaƙi, wato kare kai, karɓo abin da aka ƙwace, da hukunta mai laifi. Tsoron ƙarfin maƙwabci kawai ba ya cikinsu. Na uku ya duba abin da ya halatta a cikin yaƙi, inda ya yi kira a tausaya wa mata da yara da fursunoni, a kuma cika alkawari ko da ga abokin gaba ne.

Ya gina tsarinsa a kan dokar ɗabi'a, wadda yake ganin hankali na iya gano ta daga halin ɗan Adam na son zama da jama'a, da kuma abin da al'ummomi suka amince da shi a tsakaninsu. Wannan ya sa Katolika da Furotesta duka suka iya amfani da littafin. Ya amfana da magabata kamar Francisco de Vitoria da Alberico Gentili.

Jakadanci da mutuwa

Ya koma Holan a 1631 amma aka tilasta masa sake fita, ya zauna a Hamburg. A 1634 Axel Oxenstierna, wazirin Suwidin, ya naɗa shi jakadan ƙasar a Faransa, ya yi kusan shekara goma a wannan aiki. A 1645 ya je Stockholm wurin Sarauniya Christina. A hanyar dawowa guguwa ta jefa jirginsa gaɓar Pomerania, ya ƙarasa Rostock a galabaice, ya mutu a can yana da shekara 62. An binne shi a cocin Nieuwe Kerk da ke Delft.

Tasiri da suka

Samuel Pufendorf da Emer de Vattel sun ɗora a kan aikinsa. Littafinsa na gabatar da shari'ar Holan (1631) ya zama tushe a tsarin shari'ar da har yau ake amfani da shi a Afirka ta Kudu da Siri Lanka. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku ta 1982 ta haɗa ra'ayinsa da na masu adawa da shi: ƙasa tana da mil 12 na ruwa a ƙarƙashin ikonta da mil 200 na cin albarkatu, tsakiyar teku kuma a buɗe take ga kowa.

A fagen nazarin huldar ƙasa da ƙasa, Hersch Lauterpacht, Martin Wight da Hedley Bull sun yi amfani da sunansa wajen bayyana ra'ayin cewa ƙasashe, ko da babu gwamnati a samansu, al'umma ce mai dokoki. Wasu masana tarihi kamar Richard Tuck da Martine van Ittersum sun nuna ɗaya gefen: yawancin hujjojinsa sun taso ne daga buƙatun kamfanin fatauci, kuma sun ba Turawa madogara wajen mamayar ƙasashen wasu. Ana kuma sukarsa da amincewa da bautar da fursunonin yaƙi a ƙarƙashin dokar al'ummomi. Ɗakin karatu na Fadar Zaman Lafiya da ke Hague yana ajiye ɗaya daga cikin manyan tarin bugun littattafansa a duniya.