Edward G. Robinson: Ɗan ci-ranin da ya zama bos a finafinan baƙi da fari

A shekarar 1957 wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch, wanda ya taɓa ɗaukar fim a kasuwarmu ta Kumasi, ya tara wasu samari 'yan Nijar a unguwar Treichville ta Abijan ya shirya fim da su. Jarumin fim ɗin, Oumarou Ganda, lebura ne a tashar jiragen ruwa, amma sunan da ya amsa a ciki shi ne Edward G. Robinson. To, wane ne mai wannan suna da ya kai har bakin 'yan dako?

Shi ma ɗan ci-rani ne. An haife shi a birnin Bukares na ƙasar Romaniya ranar 12 ga Disamba, 1893, sunansa na yanka Emanuel Goldenberg. Iyayensa Yahudawa ne, tsangwama ta sa suka yi ƙaura zuwa Niyok a Amurka yana da kimanin shekara goma. A unguwar talakawa baƙi ya tashi, irin zango ke nan, daga bisani ya shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo.

Gajere ne kakkaura, mai faɗin fuska, ba ya cikin waɗanda ake kira kyawawa. Ya daɗe yana wasan daɓe kafin tauraronsa ya haska a 1931 cikin fim ɗin Little Caesar, inda ya fito a matsayin Rico, ɗan daba mai taurin zuciya. Tun daga nan mutane suka ɗauke shi mugu, alhali shi mutum ne mai son karatu, yana jin harsuna da dama.

Amma ni a ganina, mai karatu, gwanintarsa ta fi fitowa ne a finafinan shekarun 1940, waɗanda masu sharhi na Faransa suka raɗa wa suna baƙin fim. Hotonsu baƙi da fari ne, yawanci da dare, titi a jiƙe, inuwa ta rufe rabin fuskar mutum. Babu yawan duka da tsalle. Labarin mutum ne mai mutunci da kwaɗayi ya ja shi sannu a hankali har ya halaka.

A Double Indemnity na 1944, wanda Billy Wilder ya ba da umarni, ya fito a matsayin Keyes, mai binciken zamba a kamfanin inshora. Yana jin warin ƙarya tun daga nesa, sai dai bai taɓa zargin abokin aikinsa da ke kunna masa ashana kullum ba, wanda kuwa shi ne ya yi kisan.

Wanda na fi so 'yan kasuwa su nema shi ne Scarlet Street na 1945, aikin Fritz Lang. A nan ya fito a matsayin Chris, mai riƙe da kuɗi da ya shekara 25 bai taɓa cin ko sisi ba, har maigidansa ya ba shi agogon zinare. A daren ne ya gamu da wata budurwa, Kitty. Ita da saurayinta suka yi ta tatsarsa, ya fara sa hannu a akwatin kuɗin maigida, har zane-zanen da yake yi aka rinƙa sayarwa da sunanta. Da ya gano an mai da shi wawa, sai ya kashe ta, aka yanke wa saurayin hukuncin kisa a madadinsa. Shi kuwa ya ƙare yana gararamba a titi, ba wanda ya yarda da shi in ya ce shi ne mai laifin. Duk wanda ya taɓa bar wa yaro makullin shago a Adum ko Kejetia, zai kalli fim ɗin nan da faɗuwar gaba.

Bayan Key Largo na 1948, inda suka kara da Humphrey Bogart, sai abubuwa suka cakuɗe masa. Aka zarge shi da hulɗa da 'yan gurguzu, ya gurfana gaban wani kwamitin majalisar Amurka a 1950 da 1952. Manyan kamfanoni suka ja baya da shi, ya koma ƙananan finafinai. Rabuwa da matarsa ta farko a 1956 kuma ta tilasta masa sayar da tarin zane-zane masu tsada da ya shafe shekaru yana saye. Bai karaya ba, ya sake tara wasu.

Ya fito a finafinai kimanin 100, amma ko sau ɗaya ba a sa sunansa cikin masu takarar kyautar Oscar ba. Sai a ƙarshen rayuwarsa aka yanke shawarar ba shi ta girmamawa. Ya rasu sakamakon ciwon daji a Los Anjeles ranar 26 ga Janairu, 1973, yana da shekara 79, wata biyu kafin bikin. Matarsa ta biyu, Jane, ce ta karɓa a madadinsa.